Kwana Goma Sha Ɗaya da Tabaran Aro

Litinin. Bakwai da kwata: kunna injin gashin ciwon daji, jira ya ɗumama.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ya aikin ɗakin karatun jami'a? Kada ki kula da layin da ke sama, daga littafina na yau da kullum na yago takardar, kin san halina.

Takardar da kika bugo mini ta iso. Sau huɗu na karanta ta a kan bencin da marasa lafiya ke jira. Kin ce maƙalar da Likita ta wallafa shekara bakwai da suka wuce, kafin ta bar asibitinmu, masu bincike ɗari uku da goma sha biyu sun kafa hujja da ita a nasu rubuce-rubucen. Na kalli taswirar duniya da ke jikinta, mai ɗige-ɗigen wuraren da aka ambaci maƙalar, har idona ya kawo ruwa. Akwai ɗigo a wani tsibiri da ban taɓa jin sunansa ba. Auta, ashe can ma wani likita ya saita injinsa da lambobin da suka fita daga hannuna? Ni da iyakata sakandare? Ikon Allah sai kallo.

Kin sha tambayata abin da nake yi a ɗakin nan marar taga. Ƙarin ciwon daji da ke cikin huhu ba ya zama wuri ɗaya. Mutum ya ja numfashi, ƙarin ya sauka. Ya saki, ya hau. Hasken da ke ƙona shi kuwa ba shi da ido. In an matse iyakarsa ƙarin ya zille, in an buɗa da yawa a ƙona lafiyayyen huhu. Aikina a lokacin shi ne in jera hoton jan numfashi da na sakinsa a allon kwamfuta, in auna milimita nawa inuwar ta gusa. Mutum ɗari da arba'in, cikin shekara uku. A kan wannan awon Likita ta gina maƙalarta.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Murna ta sa na ɗauko tsofaffin littattafaina ina dubawa, sai na ci karo da wannan: “Tabarau ya karye a ƙofar ɗakin hoto. Na ari na maman yara.” Sabon bai fito ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Na duba rajistar aiki: mutum tara na auna a tsakani.

Ban gaya wa kowa ba. Me kike gani?

Ki gaida yara. Na barki lafiya.
Yayanki


Yayana na kaina,

Gaisuwa da ban girma. Muna nan lafiya, yara na gaida Kawu.

Kai Yaya! Ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi ranar da aka haƙa rijiyar. Na aiko maka abin farin ciki ka mayar mini da shi zaman makoki. Tabaran Anti? Wanda take sa zare a allura da shi? Ai wanda ya ga kafar allura ba zai kasa ganin ƙari ba. Na yi dariya har shugaban ɗakin karatu ya leƙo yana harara.

Bari in rage maka nauyi. Ba duka ɗari ukun nan ne suka karanta ba. Wasu sun ga wani ya ambata ne su ma suka ambata, kamar amsa amin daga sahun baya. Amma ba zan ɓoye maka ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan arba'in sun ɗauki lambobin sun ɗora nasu aikin a kai, wasu kuma suka ɗora a kan na waɗannan. Bulo ne a ƙasan gini.

Kuma ka sani, in aka sami ɓaraka babba mujalla kan janye maƙala, a buga mata jan hatimi kowa ya gani. Sunanka yana can ƙasan shafin ƙarshe wajen godiya, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Nata ne a sama. Na kuma ji bana take neman kujerar farfesa, wannan maƙalar ce jarinta. Da ni ce, da na bar kaza cikin gashinta.

Amma ni ba kai ba ce. Na san ka tun kana dukana a kan na goge kuskure a littafin lissafi maimakon in ja masa layi. Ga adireshinta a bayan takardar.

Ka gaida Anti, ka ce ta adana tabaran nan, ya shiga tarihi.
Autarku


Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kina lafiya da iyali. Ni ne mai kula da injin gashi, wanda kike kira Mai Awo. Wannan ita ce takarda ta biyar, huɗu na yaga.

Ranki ya daɗe, na ga yadda aikinki ya zaga duniya, na kuma ji tsoron Allah. Sai dai akwai abin da ban gaya miki ba a lokacinsa, don ban ɗauke shi komai ba. Daga mara lafiya na sittin da biyu zuwa na saba'in, ba da tabarauna na auna ba, da na matata ne. Ina tuna kaina ya riƙa ciwo da yamma. Ban san ko gefen inuwar da na gani shi ne gefenta na gaskiya ba. Wataƙila daidai ne. Wataƙila kuma ba daidai ba ne. Na kasa rantsuwa a kan ko ɗaya.

An ce mini wannan magana na iya taɓa kujerar da kike nema. Da a ce kaina kaɗai abin zai faɗa wa, da ya zo mini da sauƙi. Ki gafarce ni. Duk abin da kika yanke, na karɓa.

Allah ya ƙara girma.
Mai Awo


Malam Mai Awo,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, ina fatan maman yara da yaran suna lafiya. Har yanzu ƙofar ɗakin hoto na maƙalewa?

Da na karanta takardarka na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, gabana ya faɗi. Takarduna suna gaban kwamiti, wata mai zuwa za su zauna. Na ajiye takardarka a aljihun tebur kwana biyu, ina gaya wa kaina tara cikin ɗari da arba'in ba komai ba ne. Rana ta uku na shiga duba wata mata da za a fara yi wa gashi, na ga ɗalibina yana ja mata iyaka da lambobinmu. Na dawo na buɗe aljihun.

Ga yadda za mu yi. Faya-fayan hotunan suna cikin kabad ɗin ƙarfe na bayan ofishin Sista, shugabar ma'aikatan jinya. Ka ce ta rufe tsofaffin lambobin da takarda, kada ka gani sai ka gama. Kowane mutum ka auna shi sau uku. In bambanci bai wuce milimita biyu ba, wannan rawar hannun ɗan Adam ce, mun rufe magana. In ya wuce ko a kan mutum ɗaya ne, zan sake lissafin gaba ɗaya, in rubuta wa mujallar, in kuma sanar da kwamiti kafin su ji a wani bakin. Takardar gyaran za ta fita da sunan wanda ya gano, a sama, ba a ƙasan shafi ba.

Ba mai duba bayanka. Abin da ka rubuto shi zan ɗauka, kamar dā.

Mutum ɗari uku da goma sha biyu, cikinsu har da manyan da nake jin nauyin gaisarwa a taro, ba wanda ya taɓa tambayata da wane ido aka auna. Sai kai.

Huta lafiya.
Likita


Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa. Na gama. Sista ta ce in na sake neman mabuɗin kabad za ta rataya mini shi a wuya.

Takwas sun zo daidai, ba wanda ya kauce fiye da milimita ɗaya.

Na tara shi ne tsohon telan nan, ko kin tuna shi? Wanda ya ce, “Ɗana, ka auna ni da kyau, ni ma awo ne sana'ata, in ka rage tsawo zan gane.” Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Na sa faifansa, sai ga huhunsa a allo yana hawa yana sauka kamar yanzu ya kwanta.

Na auna: milimita goma sha huɗu. Na sake: goma sha huɗu. Na wanke ido, na goge tabarau: goma sha huɗu. Sista ta ɗaga takarda, a dā goma sha ɗaya na rubuta.

Da goma sha uku ce, da ta rufe magana. Na riƙe biro a kanta na ɗan lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Goma sha huɗu ce.

Allah ya ba mu alherin abin. Na barki lafiya.
Mai Awo

Na gobe, Talata:
Kunna inji, bakwai da kwata.
Aika wannan kafin in sake karantawa.
Mayar wa Sista mabuɗi, sannan a roƙe ta ta sake ba ni.
Yin tabarau na biyu, a ajiye a aljihun tebur.
Amsar Auta.
Saura mutum ɗari da talatin da ɗaya. Fara daga na farko.