Datuk Bahago

Litinin, 2 ga Satumba

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe sai ka amsa mini: wa ke yin fim, mai nuna yatsa yana "a ɗauka", ko wanda idonsa ke ƙonewa a gaban kwamfuta?

Bu Elfira, malamar fasaha, ta ce kowane rukuni ya kawo bidiyon waƙa kafin ƙarshen wata. Mu uku ne. Nofri ne darakta, don kyamarar ta babansa ce. Desnita ce mai waƙa, ita ta rubuta abinta. Ni kuma "ai Dasrul zai haɗa". Zai haɗa! Sai ka ce shayi.

Duk ajin nan ba wanda ya taɓa karanta shafi ɗaya kan tace hoto sai ni. A kasuwar sama na tsinci littafin, ba bango, ɓera ya ci babin ƙarshe, da ƙamus a hannu na bi shi har na gane. Na faɗa wa Nofri sunana zai fito a ƙarshen bidiyon da manyan baƙaƙe, daidai da nasa, ko kuma ya nemi wani.

Laraba, 4 ga Satumba

Ashe waƙar ba waƙa ba ce kawai. A ciki yarinya ce ke neman izinin kawunta za ta yi nisa. To Desnita ma makarantar waƙa take son tafiya a garin Padang Panjang. Uwarta ta yarda, amma a danginsu magana ba ta ƙarewa sai a bakin kawu, kuma nata kawun shi ne Datuk, shugaban dangin gaba ɗaya. Dabararta ita ce ta saka shi a bidiyon. Wai idan ya ga kansa, ya ji muryarta, zai yi laushi.

Ya ce mata zai fito, idan abin ya zo da mutunci sai su yi maganar tafiyar.

Na ce mata wannan ai ɗora wa mutum dutse ne a ka. Ta yi dariya ta ce ba ni ne mai littafi ba?

Asabar, 7 ga Satumba

Mun yi ɗauka a babban gidan dangin su Desnita. Mak Datuk, haka take kiran kawun nata, ya fito cikin baƙaƙen kayan sarauta, ko murmushi babu. Abin da za a ɗauka: ta hau matakala, ta durƙusa, ta miƙa masa tiren tagulla mai ganyen sirih, ganyen taunawa da ake karrama manya da shi, ya ɗauki ganye ɗaya. Shi ne amsar izinin.

Ana gab da farawa Nofri ya kwashi kyamara ya koma ɗaya ɓangaren, wai rana na shigar masa. Na ce kada ya tsallaka, zai ɓata mini haɗi. Ya ce, "Ji malam mai littafin ɓera." A gaban dattijo.

Da na roƙi a sake ɗauka, Mak Datuk ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, ni ba ɗan wasa ba ne. Sirih sau ɗaya ake ɗauka."

Sai ga ruwan sama.

Lahadi, 8 ga Satumba

Kwamfutar makaranta ta sake sumewa. Ban ma iya zagi ba.

Talata, 10 ga Satumba

Abin da na faɗa shi ya faru. A duk hotunan Desnita tana tafiya ne tana nufar dama, tsakar gida, matakala, ƙofa. Da aka zo wurin tire sai ga ta ta ɓullo daga dama tana nufar hagu, kamar ta fasa ta juya gida. Aikin Nofri ke nan.

Na zauna ina kallon abin har aka kira la'asar. Sai na tuna shafin da ya yi maganar juya hoto, ya koma kamar a madubi. Dannawa ɗaya. Sumul. Tafiyar ta miƙe daga tsakar gida har gaban kawu.

Na nuna wa Nofri, ya ce da ma ya san zai yi kyau. Bu Elfira ta kalla ta ce hannuna na da tsabta. Ban nuna na ji daɗi ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Nofri ya yanko wurin tiren ya ɗora a shafinsa, ya rubuta "saura ƙiris". Bai tambayi kowa ba. Wai talla.

Juma'a, 13 ga Satumba

Bayan sallar Juma'a na biya lapau, rumfar mai kofi inda maza ke hira, in sha kofi. Na tarar da mutane sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna dariya har da buga tebur. Wani direban babur ya hango ni ya ce ga ɗaya daga cikin 'yan fim, in zo in faɗa musu tun yaushe Datuk ya koma bahago.

Na karɓi wayar. Ga shi nan cikin kayan sarauta, ya miƙa hannun hagu ya ɗauki sirih. Hagu. Hannun tsarki. A gidan danginsa, daga hannun 'yar ƙanwarsa.

Na kalli hoton nan har na haddace shi, ƙafafunta kawai nake bi. Ban taɓa duba hannunsa ba.

Kafin in fita sunan ya riga ya kama. Datuk Bahago. Wani tsoho har yana ɗaga kofinsa da hagu ana sheƙewa. Ban sha kofin ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Nofri ya goge, amma abu ya riga ya shiga wayar kowa. Na same shi a ƙofar gidansu na wanke shi tas. Wa ya tsallaka da kyamara? Wa ya ɗora? Ya tsaya yana saurare, da na gama ya ce, "To wa ya juya?"

Na ce masa ɗan gata ne mara tunani. Gaskiya ne kuma.

Desnita ba ta ɗaga waya.

Litinin, 16 ga Satumba

Desnita ta zo makaranta, ido a kumbure. Ta ce kawun bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai aika wa uwarta cewa maganar Padang Panjang ta rufu. Tun Juma'a bai leƙa lapau ba, mutumin da kujerarsa ma an san ta. A masallaci sahun baya yake tsayawa, ya fice kafin a shafa addu'a.

Na ce ta nuna masa na asalin, ai yana nan, hannun dama ne ƙuru-ƙuru. Ta ce ta nuna. Ko kallo bai yi ba. Ya ce mata ya san hannun da ya ɗauka da shi, ba shi ke bukatar gani ba.

Sai ta ce, "Dasrul, littafin naka ba shi da babin hannu?"

Na ce wataƙila shi ɓeran ya ci.

Ba ta yi dariya ba. Wannan bakin nawa wata rana sai na ɗinke shi.

Laraba, 18 ga Satumba

Na mayar da hoton yadda yake. Yanzu ta ɓullo ta inda bai kamata ba, haɗin ya yi muni, duk mai ido zai gani. A bar shi haka. Mun ɗora na gaskiyar, ba mai kallo. Wa zai tura wa abokinsa dattijo yana ɗaukar ganye da dama?

Bu Elfira ta ce makinmu ba zai taɓu ba, amma ita ba ta shiga maganar dangi. Maki! Wa ya tambaye ta maki?

Da yamma na koma lapau lokacin ba kowa. Mai kofin yana goge kofuna ya ce ai a nan aka yi dariyar, a nan kuma za a janye ta. Wanda ya yi abin ya zo da tire da sirih bayan Juma'a, ya tsaya a gaban mutane ya faɗi abin da ya aikata, sannan ya je ya ɗauko Datuk ya dawo da shi kujerarsa. Ya ce a ka'ida kawun yaro ke tsaya masa. Nawa yana can nesa a Batam, ko sallah ba ya kira.

Kuma irin maganar nan ta dattawa, mai lanƙwasa da saukar da kai, ban iya ta ba. Zagi na iya.

Alhamis, 19 ga Satumba

Nofri wai mura ta kama shi. Gobe ba zai fita ba.

Na sayo sirih a hanya. Ba don komai ba, don kada wanda zai tashi ya ce bai samu ba. Tiren ma na aro wurin maƙwabta. Tsohuwata ta gan ni a ɗaki ina gwada miƙawa, sai na ga ta ɗauki farar rigata ta goge. Ni ban sa ta ba.

Na sake kallon ƙarshen bidiyon. Sunana na nan da manyan baƙaƙe, daidai da na Nofri. "Tacewa: Dasrul." Na kai hannu zan rage shi, na fasa.

Har yanzu ina nan a kan bakana, Nofri ne ya tsallaka, shi ya ɗora, malama ta gani ta yaba. Amma yarinyar nan murya gare ta, kuma dattijon da dama ya ɗauka, a gabana.

To gobe bayan Juma'a, lokacin da lapau ta cika, direban babur na nan, tsohon nan mai ɗaga kofi na nan, dole wani ya miƙe tsaye. Yatsan wa ya danna? Mai shi ya tashi ya amsa a gaban kowa, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji.