Lambobin da Suke Shigowa Wayar Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baba da Fahad da duk mutanen Kwaciri. Ya ƙafar taki?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Lambobi shidan nan da suke shigowa wayarki kullum da safe, ni na jawo su.

Ranar da masu binciken sikila na nan Ibadan suka ɗauke mu, mu masu ciwon, don mu riƙa shigar da bayanan jikinmu a kwamfutarsu, Malam Waliu mai kula da na'urorin ya ce kowa ya rubuta wayar da za a riƙa turo masa lambobin buɗe shafinsa. Ina da tawa, amma taki na rubuta. Kin san ni 'yar fari ce, ba ma hira. In babu dalili, ba zan iya kiranki ba. Lambobin ne suka zama dalilin da nake kiranki kullum ƙarfe takwas ki karanto min su.

Jikina da sauƙi, kuma Anti Wasilat da nake gidanta tana ƙoƙari. Sai dai Yarbanci suke yi, ni kuma ba na ji. In an samu mai zuwa, a aiko min da daddawa.

Shekaranjiya Malam Waliu ya gane lambar wayar ba tawa ba ce. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Raudha, sirrin marasa lafiya ne a ciki. In ba ki canza ba, dole in rufe shafinki, ki koma Kano."

Wallahi Inna, na so in bari ya rufe. Amma jiya na ba shi lambata.

Zan ci gaba da kira ƙarfe takwas. In ba ki da abin faɗa, ki karanto min kowaɗanne lambobi, zan saurara.

'Yarki,
Raudha