Mai Jar Ɗamara a Ramin Nebaj

Zuwa ga Malama Amparo, mai kula da iyalan waɗanda aka ɓatar,

Gaisuwa, da fatan kin koma birni lafiya. Ni ban kwana lafiya ba.

Kun zaunar da mu a da'ira kafin a fara tono, kun koya mana jan numfashi, kamar ba da numfashin muka shekara talatin muna jiran yayana Gaspar ba tun da sojoji suka tafi da shi. Da aka buɗe ramin bayan tsohon barikin garinmu Nebaj, mahaifiyata ta ga ƙasusuwa da jar ɗamara ta ce ɗanta ne. Kina tsaye, kina riƙe da kafaɗarta. Yanzu kin ja ni gefe kin ce gwaji ya nuna ba shi ba ne, ɗan wata mata ne mai suna Doña Engracia daga bayan dutse.

Inna ta sa kafinta ya yi akwatin gawa. Tana saƙa mayafin da za a naɗe shi. Jiya ta cinye wainar masararta tas, har ta ce mini, "Ke malamar makaranta, karatu ya hana ki iya gishiri." Rabon da ta tsokane ni, na manta.

Na karanta rahotannin gwamnati kaf, na tsine wa kowace ƙarya a ciki. Yau ni ke roƙon ƙarya. Ku ba mu ƙasusuwan. Shekarun Inna nawa suka rage?

Na bar ki lafiya,
Feliciana Cedillo

Zuwa ga Malama Feliciana,

Gaisuwa da girmamawa. Fushinki bai ɓata mini rai ba.

Ba zan iya ba. Doña Engracia ba ta zo tonon ba saboda ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma duk wanda ya hau dutsen sai ta tambaye shi labarin ɗanta. Ita ma tsohuwa ce.

Zan zo mu faɗa wa mahaifiyarki Doña Petrona tare. Ko ki faɗa mata ke kaɗai, in kin fi so. Kada dai ta ji a kasuwa.

Taki,
Amparo

Malama Amparo,

Gaisuwa. Kada ki wahalar da kanki, na faɗa mata.

Ba ta ajiye saƙar ba. Ta ce, "Ke dai da iliminki. Ni da na haife shi ban san tsawon ƙafarsa ba? Tun a bakin ramin na sani. Amma kowa na kuka kan nasa, yaron nan yana kwance a buɗe, babu mai kiransa. Sai in bar shi?"

Ta ce a kai wa Engracia akwatin da mayafin in ta gama. Na tambaye ta Gaspar fa? Ta ce zare bai ƙare ba.

Daren jiya ba ta ci komai ba.

Yaushe za ku dawo da shebur ku ci gaba da tono?

Feliciana