Ni Na Jefa Matata Cikin Matsala, Yanzu Ni Take So In Yi Mata Shaida

Mai shafi, gaisuwa mai yawa, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ka ɓoye sunana. Masu karatu, na san akwai masu jiran abin zagi a cikinku, ku bari in kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina ya fi naku zafi. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya, yadda maganar ta zo min haka zan rubuta ta.

A Kafanchan nake, na doshi hamsin. A da noman citta nake yi, tun shekarar da ciwo ya ruɓar min da ita a ƙasa na koma acaba. Matata, bari in kira ta Maman Godiya, tana da satifiket na ma'aikaciyar lafiya tun kafin in aure ta. Ta yi shekaru a wani ƙaramin kilinik a Sabon Tasha ta Kaduna, da muka dawo gida kuma unguwa ta mayar da falonmu asibiti. Mai gyambo a wanke masa, tsohuwa a auna mata jini, wanda likita ya rubuta wa allura ya kawo a yi masa. Ni kuma ana kirana mijin Nas. Ba zan ɓoye ba, bayan citta ta tafi, sunan nan kaɗai ya rage min a gari.

Sai ta samu shiga makarantar nas, da furfura a goshi, cikin yara sa'o'in 'yarta. Waɗanda suka riga ta shiga suka ja mata kunne, kada ta yarda ta ce ta taɓa aiki. Wai malamai ba sa son ɗalibi mai "na riga na sani", a asibiti kuma ko a jibga mata aikin kowa, ko a sa mata ido ana jiran ta yi kuskure. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta faɗa ba, sai ga ƙawarta ɗaya, Rifkatu, da suke aji ɗaya kuma suke waƙa tare a zumuntar mata ta coci. A gida ta kulle akwatin kayan aikinta ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce ɗaliba ba ta da izinin taɓa kowa a waje, in aka ji, kora ce.

Ranar da yayana ya kawo matarsa da zazzaɓi, da maganin allura a leda, Maman Godiya ta taɓa goshinta ta ce, "Baba, ku yi haƙuri ku je asibiti, ni yanzu ɗaliba ce. Baban Godiya zai kai ku." Yayana bai ko kalle ta ba, ni ya kalla. Ya ce, "Ashe gidan nan yunifom ke mulki." Ya fita ya tare wani ɗan acaba a kan idona, ga nawa mashin a tsaye. Daga nan duk zaman makoki, duk taron dangi, sai wani ya tambaye ni ko na nemi izinin madam kafin in fito. Kun san abin da wannan ke yi wa namiji? Ita tana can tsakar gida da littattafai tana haddace Turancin da ko karanta shi ba zan iya ba, ni ina dawowa da ƙugu kamar an doke ni da taɓarya.

Wata ranar kasuwa na ɗauki wata mata mai tabarau da kayan miyarta. Cikin hira ta ce a makarantar nas take koyarwa, na ce ai matata na can. Nan take ta gane ta. Ta ce, "Au, Mama ce matarka? Tana ƙoƙari, sai dai tsoro ya yi mata yawa, kullum tana baya. Za mu koya mata a hankali."

Na ce, "Sista, ku koya wa wa? Matar da ta yi shekaru tana aiki a Kaduna da takardarta? Rabin unguwarmu a falona ta yi musu allura."

Muna tsallake layin dogo sai ta ce, "Har yanzu tana yi?"

Na ji tambayar sarai, iska ba ta ɗauke ta ba. Na kuma san amsar, don a kan akwatin nan nake kwana, har ya yi ƙura. Amma na buɗe baki na ce, "To wa zai hana ta?"

Na sha gaya wa kaina wai kare mutuncin matata nake yi. Ƙarya ce. Haushi ne. So na yi a sauko da ita ƙasa kaɗan, ta dawo inda nake, mu zama daidai. Wane irin mutum ne ke yi wa uwar 'ya'yansa haka a kan hanya, don kawai an yi masa dariya a wurin makoki?

Yanzu an dakatar da ita daga zuwa asibiti har kwamitin ladabtarwa ya zauna. Maganar satifiket sun ce ba laifi ba ne, ko da yake ba su ji daɗin ɓoyewar ba. Allura a gida ita ce mai kora. Matata kuwa ta ɗora wa Rifkatu laifin, tunda ita kaɗai ta sani a makarantar. Ran Lahadi ta canza benci a coci. Rifkatu ta biyo ta gida tana kuka tana rantsuwa, ina tsakar gida ina wanke mashin, ina jin komai. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da dirzar tayar da ta riga ta fita.

Jiya da yamma Maman Godiya ta kawo min tuwo ta zauna kusa da ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta rame. Ta ce, "Baban Godiya, sun ce in zo da mai shaida ran Talata. Kai ka san akwatin nan bai buɗu ba tun da na fara karatu. Ka zo ka gaya musu kawai. Na wanke maka farar rigarka ta coci." Na tambaye ta su wa ke cikin kwamitin. Ta lissafa, har da Sista mai tabarau da ke zaune bayan layin dogo. Matar da ta kalli fuskata da kyau ranar da na sauke mata kayan miya a ƙofar gidanta.

In na je na faɗi gaskiya, Sista za ta ce ai wannan mutumin ne ya gaya min akasin haka, kuma a gaban matata za ta faɗa. Wace maganata za su ɗauka, ta kan mashin ko ta cikin ofis? In na ƙi zuwa, na ce ba ni da lafiya, ba ta da wani shaida, karatun da ta jira rabin rayuwarta ya tafi. In na gaya mata tun yau, ban san ko za ta sake zama kusa da ni ba. Wallahi na gaji, ko fasinja ya tsayar da ni sai in wuce ban gan shi ba.

Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa, har ta goge ta. Jama'a, me zan yi?