Kogi Ya Sauya Baki, An Hana Mu Lenguwado

Daga: Ermelinda Catrileo Soto,
Shugabar Ƙungiyar Masuntan Piedra Mora.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Kamun Kifi,
Lardin Kudu.

14 ga Fabrairu, 2019.

Game da: Hana masuntan Piedra Mora kamun kifin lenguwado a bakin Kogin Quilén

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina sake rubuto maka ne domin takarduna na 3 ga Satumba da 20 ga Nuwamba ba su sami amsa ba.

1. Doka ta ce Kogin Quilén shi ne iyaka tsakaninmu da Lardin Arewa, kuma masunci ba ya su sai a ruwan lardin da ya yi masa rajista. Ba mu taɓa ja da wannan ba.

2. A ambaliyar 9 ga Yuli, 2018, kogin ya toshe tsohon bakinsa, ya fasa sabo dab da gidajenmu. Tudun yashin da lenguwado ke kwanciya a gefensa, inda iyayenmu suka ci abinci, ya wayi gari a tsallake. Bai gusa ba, mu ma ba mu gusa ba, amma jami'an sintiri sun ce yanzu na Arewa ne.

3. Tun daga lokacin 'yan Arewa ke su a ƙofar gidanmu, muna tsaye muna kallo. Ban ga laifinsu ba, rabinsu ma surukanmu ne. Sai dai dokarsu ta yarda da kama ƙananan kifi, abin da tamu ta hana. Waɗanda muka yi shekaru muna mayarwa ruwa don su girma, su ake lodawa a kwando.

4. Ranar 11 ga Janairu aka ƙwace komar Don Audilio Painemal, dattijon ƙungiyarmu, don ya jefa ta inda ya saba tun yana saurayi. Yau yana zaune a gaɓa yana ɗinke wa 'yan Arewa komarsu, su sam masa kifin da zai ci. Idan na wuce ba ya iya ɗaga kai, ni ma haka.

5. Ofishin Arewa ya ce mu ba mutanensa ba ne, naka kuma ya ce ruwan ba nasa ba ne. Na gaji, ranka ya daɗe. Na gaji da hawa motar asuba zuwa birni don a ce mini ana nazari. Gidaje da dama sun riga sun kulle ƙofa sun tafi, ba ni kuma da bakin hana sauran.

Saboda haka ina roƙon ka tuntuɓi takwaranka na Arewa, a bar iyakar kamun kifi a tsohon bakin kogi, a daidaita girman kifin da aka halatta, a kuma mayar wa Don Audilio komarsa.

Lenguwado zai koma zurfin teku a ƙarshen Maris. Idan amsa ta wuce lokacin, a taimaka a aika ta gidan ɗiyata a birni, domin ba za a sami mai karɓarta a nan ba.

Na gode, a huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Ermelinda Catrileo Soto