Rassan Tuffa Don Cincila

Ƙanena Belarmino,

Ina gaisuwa. Ya matarka Orfelina, ya ƙafar taka? Maƙwabciyata ke rubuta mini.

Lafiya lau nake a Santiyago, zama ne dai na kasa. Cincilar jikata, ɓeran nan mai laushin gashi, ta gaigaye sandar da take hawa a keji. Itatuwan garin nan duk an fesa musu magani, in ta ci mutuwa za ta yi. Don Allah saro mini rassan tuffar da ke bayan gidanku, ka ba mota. Ni zan tafasa su in shanya.

Matar ɗana tana tsokanata, wai "Mama mai ɓera." Amma Belarmino, kula da cincilar, aikina ke nan kaɗai a gidan nan. In dabbar ta mutu, ina za su kai ni?

Allah ya tsare ku.

Yayarka, Edelmira