Moton da ke Zaure

Madarumfa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Ina gaida Yaya Fatima da ɗiyarku Binta, da surukanka da ke ɗawainiya da kai a can Damagaram. Inna lafiya lau, sai ƙafarta da ke motsawa in an yi ruwa.

Tunda allurar nan ta tafi da jinka ba na jin daɗin kiran waya, in yi magana da matarka ita kuma ta rubuta maka a tafin hannu. Don haka ga takarda, Gambo direba zai riƙa kai mana.

Yaya, an ƙara mini aiki. Da can ƙauyukan Safo da Sarkin Yamma kaɗai nake yi wa awaki da shanu rigakafi. Yanzu ni ke ɗauko maganin daga Maradi, wani lokaci in kai har Tasawa. Ƙaramin motona, babur ɗin aiki, ya gaji. Kafin in isa, ƙanƙarar akwatin ta narke, magani ya lalace. Makon jiya na tsaya gaban wata tsohuwa da ta tara awakinta tun safe, na ce mata sai wani zuwan. Sai ta kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Na je Maradi na duba manyan motoci masu ƙafa biyu na doguwar tafiya, irin naka. Guda biyu suka shiga raina, wani baƙi da wani ruwan toka. Na hau baƙin, ƙafafuna suka yi ta lilo a sama. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ko a kawo miki turmi ki taka?" Duk wurin aka fashe da dariya. Na taya su, amma a hanya na yi kuka cikin kaske, hular kwanon nan.

Kai ka koya mini tuƙi a bakin tabki ina 'yar lakkol ta boko, ba wanda zan tambaya sai kai. Mace mai tsawona za ta iya da irin wannan, ko in haƙura?

Allah ya ba ka lafiya.
Ƙanwarka, Samira

Damagaram, ranar Alhamis

Guntuwa,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, Fatima ta ƙwace takardar. Mai shagon nan bai san wadda ya taɓa ba.

Ki saurara. Tsawon moto ba shi ne abin tsoro ba. Ki duba faɗin sirdi. Mai faɗi yana buɗe ƙafa, sai ƙasa ta ƙara nisa. Ki duba inda nauyi ya zauna, in yana sama wajen tanki, da ya ɗan karkata ya tafi da ke. Kuma wa ya ce miki sai ƙafa biyu sun taka? Ki zame mazauninki hagu, ki kafa ƙafa ɗaya sosai, ta dama na kan birki. Kafin ki tsaya ki zaɓi wuri da ido, kar ki tsaya inda ƙasa ta yi kwari. In ya faɗi, ki bar shi ya faɗi, ki janye ƙafarki. Ƙarfe ne, ana gyarawa.

To amma ba ki da abin nema a Maradi. Nawa yana can zauren gida an lulluɓe shi da tabarma, kaji na kwana a kai. Na san kowace ƙusa a jikinsa, bai taɓa kunyata ni ba tsakanin Jibiya da Agadas. Ki kai shi wurin Alhassan mai gyara. Ya sauke ƙafar baya, ya rage sandar jingina. Sannan ya buɗe sirdin ya yanke soson, ya fefe gefe da gefe daidai ke. Ki zauna a kai yana yanka, kar ki bar shi ya yi da ka.

Ni dai ina nan. Abinci ba ya shiga sosai. Abin da ya fi damuna shirun nan, ko kiran salla sai na ga mutane sun tashi. Kar ki karanta wa Inna wannan layin.

Ki gaishe ta, ki ce ta ci gaba da addu'a.
Yayanki, Sa'idu

Madarumfa, ranar Talata

Yaya Sa'idu,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, kuma raina ya ɓaci.

Shawara na nema, ban nemi gado ba. Soson da aka yanke ba ya komawa. In ka dawo, da wannan tsawon naka, gwiwa a haɓa za ka riƙa tuƙi? Mi ya sa kake magana kamar wanda ya gama shiri? Lokotoron asibiti ya ce magani na aiki, da bakinka ka faɗa mana da salla.

Ban kai wa Alhassan ba. Amma na yaye tabarmar, na wanke shi, na zuba esansi a tanki. Da ya tashi, Inna ta fito daga ɗaki da gudu ba kallabi, ta ɗauka kai ne. Da ta gan ni sai ta juya ta koma. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Na ce zan koya a yadda yake. Na fita da shi bayan gari, wajen lambuna. A tafiya, Yaya, ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba, kamar shi ke ɗauke da ni. Tsayawa ce matsala. Na yi yadda ka ce, na zame hagu, sau da dama ya yi. Da na zo juyawa kusa da inda masunta ke shanya raga, rairayi ya janye ƙafata. Ka ce in bar shi ya faɗi. Na kasa, naka ne. Na riƙe shi har ya kwanta a kaina, bututun hayaƙi ya ƙona mini ƙwauri. Masunta biyu suka ɗaga shi. Ɗayansu ya ce, "Wannan ba na Sa'idu ba ne? Ina yake, ya daɗe bai zo cin kifi ba." Na ce kana tafe.

Ƙunar ba ta da zurfi, ina sa magani. Fitilar gefe ta fashe, zan sake ta kafin ka zo.

Na yanke shawara, zan koma Maradi in sayi ruwan tokan. Ya fi ƙasa, ko da bai kai naka ba. Naka zai jira ka. Kar ka sake yi mini wannan zancen.

Ka huta lafiya.
Samira

Damagaram, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Samira,

Assalamu alaikum. Fatima ce. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da girmamawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a lakkol ba.

Takardarki ta zo. Yayanki ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi biro, amma hannunsa bai riƙe ba. Ya ce in rubuta miki wasa da dariya. Ni ba zan iya ba, gaskiya zan rubuta, in ya so ya yi fushi da ni.

Samira, maganin ya daina aiki tun kafin salla. Ya sani, shi ya roƙi lokotoro kar a gaya muku. An sallame mu, muna gidan babana. Ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe shi. Ranar da ya rubuta miki zancen sirdi, yini guda ya yi a kan takardar nan, yana rubutu yana hutawa.

Da ya karanta kin ƙone, ya juya fuska bango ya daɗe. Daga baya ya ce mini, "Yarinyar nan za ta karye a kan abin da ba zan sake hawa ba." Ya ce ba kyauta yake miki don ya tafi ba. So yake ya san a kan wane moto ya bar ki a hanya. Wancan na Maradi bai san shi ba.

Ban ce ki yi abin da ba ki so. Amma in za ki zo, ki zo da wuri. Inna kuma, ke kika san yadda za ki gaya mata. Gambo ya ce zai ajiye mata gaban mota.

Allah ya sa mu ga alheri.
Fatima

Madarumfa, ranar Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gaya wa Inna. Ta ce ta sani tun ranar da ka daina tambayar gonar gero. Za ta taho da Gambo gobe.

An yanke soson. Na zauna a kai Alhassan na fefewa, kamar yadda ka ce. Da ya gama na sauke ƙafa, ta taka ƙasa har diddige. Ban taɓa baƙin cikin samun abin da nake so ba sai ranar.

Ina tafe Juma'a, a kansa. Ka sa a zaunar da kai inda za ka ga titi.

Samira

Damagaram, bayan sadakar arba'in

Ƙanwata Samira,

Sallama da gaisuwa. Ya haƙuri? Ya Inna ta isa gida? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Akwai abin da ban samu gaya miki ba cikin taron mutane. Ranar da kika iso, tun hantsi ya sa aka fitar da shi. Da kika shawo kwana, ya matse hannuna har ya yi zafi, bakinsa na motsi, "Hagu, hagu." Kika zame, kika kafa ƙafa, moton ya tsaya cik. Sai ya sake ni. Kin tuna ya ce kar ki kashe, ya ɗora tafinsa a kan tanki ya rufe ido? Daga baya ya ce mini ya ji shi, har cikin haƙoransa. Ita ce ƙarar ƙarshe da ya ji a duniya.

Ina da roƙo. Duk zamanmu ban taɓa yarda na hau bayansa ba. Ya lallashe ni ya gaji, ni tsoro nake ji. Kullum in ce wata rana.

In na fita takaba, kar ki aiko Gambo. Ki zo da kanki ki ɗauke ni, ki kai ni wurin Inna. Ki taho mini da kaske, ki yi tafiya a hankali.

Taki,
Fatima